Dish Ɗaya, Ɗakuna Huɗu: Amsoshin Tambayoyinku

Wani magidanci daga Birnin Kebbi ya aiko da cewa: "Ina gini, an kusa fara filasta. Akwai falona, ɗakin uwargida, ɗakin amarya, sai na samari a ƙofar gida. Ina son kowa ya samu kallo. Dish huɗu zan saya ko ɗaya ya wadatar?"

Allah ya sa a gama lafiya, Malam. Ɗaya ya wadatar, muddin tashoshin da ake so duk a tauraron ɗan'adam ɗaya suke. Waya ce za ka yawaita. Wannan ɗan kan da ke zaune a gaban dish, wato LNB, akwai mai baki ɗaya, mai biyu, mai huɗu, har mai takwas. Ka nemi mai huɗu, a ja waya huɗu daga gare shi, kowace ta miƙe zuwa ɗakinta ba yanki ba joni, kowane ɗaki kuma da dikodarsa.

Ka yi tambayar a kan gaɓa, tunda ba a shafa siminti ba. Ka sa mai wayarin ya binne fayif na roba, mai milimita 20 ko 25, daban da na wutar lantarki, duk su haɗu wuri guda kusa da inda za a kafa dish. Ka hana shi lanƙwasa wayar sosai a kusurwa. Irin wannan waya in ta karye a ciki ba a gani, sai dai hoto ya riƙa sarƙewa. Falo kuwa a ja masa waya biyu, ko da ɗaya za ta zauna ba aiki yanzu. Kuɗin 'yan mitocin nan bai kai na fasa bangon da aka yi wa fenti ba.

Amma kafin sayen komai, ka zauna da iyali ka ji me kowa ke kallo. Samari ƙwallon Turai za su ce, galibi DStv ke nan, kuma tauraronsa na digiri 36 gabas. Masu son tashoshin Larabawa Nilesat suke nema, shi kuma yana digiri 7 yamma, yana kuma son dish babba a yankinmu. Daga Birnin Kebbi, na farko ya karkata sosai wajen gabas, na biyu kudu maso yamma, don haka dish ɗaya ba zai kama su tare ba. In haka ta kasance, biyu za ka kafa. Game da kuɗin wata, DStv na da tsarin XtraView da ke haɗa dikoda har uku a gida ɗaya kan biya ɗaya da ɗan ƙari. Ka tambayi mai haɗawa tun yanzu, don yana iya buƙatar waya tsakanin dikodojin. Sannan ka dubi itacen dogon yaro in akwai shi a tsakar gida. Yau ƙarami ne, nan da 'yan shekaru shi zai tare maka sigina.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce: "Mai gyara ya sa mana ɗan ƙarfe mai baki uku, ya raba waya ɗaya tsakanin ɗakina da na abokiyar zamana. In ta canja tasha sai wasu nawa su ɗauke, in ta kashe dikodarta wani lokaci tawa ta mutu ɗungurungum. Har mun fara kallon juna."

Hajiya, ki wanke ta, ba ta da laifi. Sifilita aka sa muku, kuma ba wurinta ba ne. Wayar dish ba hoto kaɗai take kawowa ba, dikoda na aika umarni ta cikinta zuwa LNB. Siginar tashoshi kan sauko ne a layi biyu, na tsaye da na kwance: in tashar da kike so tana layin tsaye, dikoda za ta tura wuta bolt 13. In tana layin kwance, ta tura 18. Akwai kuma wata 'yar ƙara mai kilohaz 22 da ke zaɓar zangon sama ko na ƙasa. Rukuni huɗu ke nan, kuma LNB mai baki ɗaya rukuni ɗaya yake iya bayarwa a lokaci guda. Kamar mutum biyu ne a kan jaki ɗaya, wannan na son kasuwa, wancan na son gona: inda mai riƙe da linzami ya nufa can za a je. Wasu sifilitocin ma ta baki ɗaya kawai wuta ke wucewa, shi ya sa in ta kashe tata, LNB ɗin ya rasa wuta, taki ma ta yi shiru.

Maganin ba tsada. Ki gaya wa maigida a sauya LNB zuwa mai baki biyu, a ja sabuwar waya zuwa ɗaki ɗaya, a cire ɗan ƙarfen nan. Akwai hanyar da ta fi araha, wato dikoda ɗaya a raba hotonta zuwa talabijin biyu, amma tasha ɗaya za ku riƙa gani, rimot kuma a hannun mutum ɗaya. A gidan mata biyu ban ba da wannan shawara ba.

Daga Argungu wani ya ce da zarar hadari ya haɗu kallonsa ya yanke, alhali na maƙwabcinsa na yi. Ruwa mai ƙarfi kan raunana siginar kowa, amma in naka ne kullum ke fara tafiya, ka duba abu uku. Girman dish: mai santimita 90 ya fi mai 60 jure damina. Mazauninsa: wanda aka ɗaure a kan kwanon rufi iskar farkon damina na gusar da shi kaɗan-kaɗan, gara a kafe shi a bangon bulo da kusoshi masu kyau. Sai waya. Ka nemi RG6, ka kuma shiga shago da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne wa zaren tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba zallarsa ba. Irin wannan na aiki a gajeren zango, amma da ruwa ya taɓa bakinta sai tsatsa. Ka kwance mahaɗin da ke jikin LNB ka leƙa. In ya yi kore ko ja, a yanke a sa sabo, a naɗe shi da tef. A bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta har bayan talabijin. Ranar da ake tsawa kuma, kashe soket bai isa ba, ka zare wayar dish ɗin daga jikin dikoda.