Injin gem ɗina na magana amma allon ya mutu

Tambaya: Salam Malam, na samu tsohon injin gem na Pac-Man irin na 1980, in na kunna ina jin sauti har kwabo yana karɓa amma allon baƙi ƙirin. Tub ɗin ne, wato kwalbar allon irin ta tsohuwar talabijin, ya ƙone?

Amsa: Wa'alaikas salam ɗan'uwa. Tunda akwai sauti to galibi bod ɗin gem (farantin da ke ɗauke da wasan) lafiya yake, matsalar tana wajen monita, wato ɓangaren da ke nuna hoto, kuma tub ba kasafai yake mutuwa ba.

Amma tsaya tukun, bayan tub ɗin nan wuta takan kai bolt 20,000 kuma tana maƙalewa ko ka zare soket, in baka iya sauke ta ba wallahi kira mai gyaran tsohuwar talabijin, kar kai karambani.

Kunna injin, kashe fitilar ɗaki ka leƙa wuyan tub ɗin ta baya, kana ganin ɗan ja-ja kamar garwashi? In babu, a duba fiyus. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take to galibi babban taransistan horizontal (mai sarrafa zanen hoto daga gefe zuwa gefe) ne ya yi shot, shi kuma sau da yawa fulaibak (taransifoman da ke bai wa tub babbar wuta) ne ke janyo masa, in ka ga fulaibak ɗin ya tsage canza su tare. Kapasitoci kuwa, ƙananan kayan da ke riƙe wuta a monita, bayan shekara 40 sun bushe, ni duka nake sauyawa.