Tsohon Magana Jari Ce na Baba, bugun farko ne?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne nan Zariya. Muna gyaran ɗakin marigayi Babanmu sai na ci karo da Magana Jari Ce littafi na ɗaya a cikin akwatin ƙarfe, ya yi ja sosai kuma na ga an sa 1937 a ciki. Bugun farko ne? Don ina son in fara tara irin waɗannan littattafan da aka karanta a firamare.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba da rahama. To ɗan'uwa kar ka yi saurin murna tukuna, wannan 1937 ɗin shekarar da littafin Abubakar Imam ya fara fitowa ce, kuma masu ɗab'i kan ci gaba da sa ta ko da an sake bugawa bayan shekara arba'in. Jan takarda ma ba hujja ba ne, akwatin ƙarfe da zafin bazarar Zariya sun isa su tsofar da littafin jiya.

Fara duba sunan wanda ya buga. Abin daɗin shi ne duk tarihin a garinku Zariya yake. A 1937 Hukumar Talifi ce ke fitar da littattafan, Kamfanin Gaskiya sai 1945 aka kafa shi, NORLA, wato hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta yi zamaninta daga 1954 zuwa 1959, sannan NNPC, wato kamfanin buga littattafai na Arewa (Northern Nigerian Publishing Company), ta zo a 1966. Kenan in ka ga NNPC a bango magana ta ƙare, ba a buga naka kafin 1966 ba komai tsufan da ya yi a ido, kuma gaskiya yawancin waɗanda ake kawo min ana rantsuwa na farko ne nan suke faɗawa.

Sai farashi in an buga shi a baya. Sule da sisi na nufin kafin 1973 ne, don a shekarar aka shigo da naira da kwabo. In kuma akwai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, to daga wajen 1970 zuwa sama ne. Hatimin makaranta ko kwanan watan da Baba ya rubuta da hannunsa shi ma shaida ne, don Allah kar ka goge, ni a wurina ya fi bango mai kyau daraja.

Maganar tarawa, ina ganin ka fara da na gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ka bi tsofaffin malaman firamare da masu baza littattafai a ƙasa a Sabon Gari. Ka ƙirga shafuka kafin ka biya, littafin yara ne, da wuya ka samu wanda ba a yage masa hoto ba. Kuma kar ka sa rai da wani kuɗi, abin ba shi da tsayayyar kasuwa a nan.

Ajiya kuwa, fitar da shi daga akwatin nan, kar ka ƙulle shi a leda don da damina gumi yake yi ya yi fumfuna, kar ka manna salatif, kar kuma ka kai wa masu ɗinki su datse gefe su sa sabon bango. Nannaɗe shi da farar takarda ka sa a kwali a saman kanta nesa da bangon ɗaki saboda gara. Turo min hoton bangon gaba da na baya da shafi na biyu in duba maka.