Hukuncin Sauka a Tsohon Otal na Alfarma da Cin Abincinsa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, wurin aikina za su tura ni taron kwana uku a wani babban birni na Turai, kuma sun kama mini ɗaki a wani tsohon otal da ya haura shekara 100, irin wanda sarakuna da shugabanni suka riƙa sauka. Ina so in tafi da maiɗakina, mu ƙara kwana biyu da kuɗin aljihuna. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin kwana ɗaya a can zai biya kwanaki da yawa a wani otal ɗin, ina tsoron almubazzaranci. Ga mashaya a ciki, har a ɗakin kwana na ga hoton ƙaramin firji cike da kwalabe. Akwai kuma liyafar dare da za a yi wa mahalarta taron. Ya halatta in sauka a can? Me kuma zan ci?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, saukarka a wannan otal halal ce. Kama ɗaki haya ce, abin da ka biya wa kuɗi shi ne makwanci da tsaro da hidima, dukkansu halal ne. Kasancewar masu otal ɗin suna sayar da giya a wani sashe zunubi ne a kansu, bai ɓata cinikin da ke tsakaninku ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa, alhali Alƙur'ani da kansa ya faɗi yadda riba ta gauraya da dukiyarsu. Idan da wani masauki kusa da wurin taron wanda babu giya a cikinsa kuma zaɓi na hannunka, shi ya fi. Tun da wurin aikinka ne suka kama, babu laifi a kanka.

Firjin ɗaki kuwa, ka buga waya ka ce a kwashe kwalaben. Abu ne da suka saba yi. In ba su kwashe ba, kayansu ne da ke ajiye, ba su zama naka ba sai ka buɗe, kuma sallarka a ɗakin ta inganta.

Batun tsada, wanda ka sa a gaba, a ganina shi ne mafi sauƙi a tambayarka. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31: "Ku ci, ku sha, kada ku yi israfi." Ayar da ke bin ta kuma ta ce: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah wanda ya fitar domin bayinsa, da daɗaɗan abubuwa na arziki?" Shari'a ba ta yanke wani adadi ta ce daga nan israfi ya fara ba. Ana auna shi da halin mutum. Abin da zai zama ɓarna ga mai ƙaramin ƙarfi yana iya zama tsaka-tsaki ga mawadaci, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Allah yana son ganin alamar ni'imarsa a kan bawansa. Kwana ukun farko ba kuɗinka ba ne, sai dai amana ce, kada ka ɗora wa wurin aikinka abincin maiɗakinka ko wata hidima da ba su yarda da ita ba. Kwana biyun da za ka ƙara su ne abin dubawa. Idan ba bashi za ka ci ba, ba ka danne haƙƙin wani da ke jiran ka biya shi ba, ka fitar da zakkarka, ciyarwar da ke wuyanka ba za ta ragu ba, to ka ƙara, kuma kyautata wa iyali abin lada ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan zai taɓu, ku koma masauki mai sauƙi bayan taron.

Hadisin da ya halatta ci da sha da sutura ya gindaya sharaɗi biyu: babu israfi, babu taƙama. Mutane sun fi riƙe na farko. A irin waɗannan otal-otal na biyun ne ya fi kama mutum, domin wani ɓangare na kuɗin da ake biya na sunan wurin ne. Ka tambayi zuciyarka: da za a hana ka ɗaukar hoto ko gaya wa kowa inda ka kwana, za ka ƙara kwana biyun? In amsar e ce, ka yi zamanka.

Teburin abinci shi ne inda gizo ke saƙa. Tsofaffin otal-otal na Turai sun gaji salon girki guda. Otal ɗin Savoy na Landan, wanda aka buɗe a 1889, shi ya ɗauko César Ritz ya shugabance shi, da Auguste Escoffier ya riƙe ɗakin girki, su biyun kuma suka buɗe otal ɗin Ritz na Paris a 1898. Tsarin girkin Faransa da Escoffier ya daidaita ya bazu a manyan otal-otal na duniya, kuma a wannan tsari giya kayan haɗi ce kamar gishiri. Ana zuba ta a miyar nama, ana zuba farar giyar inabi a miyar kifi, ana jiƙa kayan zaƙi da ita. Mutum zai iya kauce wa mashaya kwana biyar cur, ya ci giyar a cokali bai sani ba.

Za a ce maka wuta tana ƙone ta. Wannan magana ba ta cika ba. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna cewa abincin da aka zuba wa giya aka cinna mata wuta yana riƙe kusan kashi 75 cikin 100 na sinadarin da ke bugarwa, wanda ya yi minti 15 yana dahuwa yana riƙe kashi 40, sai bayan awa biyu da rabi ya sauko kashi 5. Ko da ma ta ƙone, a wurin jumhurun malamai, wato mafi yawansu, giya najasa ce, abinci mai ruwa da aka zuba ta a ciki da gangan ya najastu. Annabi (SAW) kuma ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Saboda haka duk abincin da ka san an dafa da giya, ka bar shi. A takardar jerin abinci, sunaye irin su Bordelaise, Madeira, Marsala da Cognac duk giya suke nufi. Ruwan khal (vinegar) daban ne, domin ya riga ya juye daga giya ya zama wani abu, kuma Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) yana yabonsa.

Alade ma yana ɓuya a ƙarƙashin sunaye: pancetta, prosciutto, lardons. Wani lokaci da shi ake naɗe kifi ko a barbaɗa a kan ganye, wani lokaci da kitsensa ake murza fulawa.

Naman shanu da rago da kaza kuwa, asali shi ne faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 5, cewa abincin waɗanda aka bai wa Littafi halal ne a gare mu, kuma malaman tafsiri sun ce yankansu ake nufi. Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya faɗaɗa wannan har ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya in dai a wurinsu abinci ce. Jumhur ba su bi shi a kan haka ba, ni ma ba na ba da fatawa da shi, domin aya ta 3 a wannan sura ta haramta maƙararriya da wadda aka buge ta mutu, kuma abin da bai halatta daga hannun Musulmi ba ba zai halatta daga hannun waninsa ba. A mahautan Turai na yau kaji da yawa iskar gas ake shaƙa musu su mutu kafin wuƙa ta taɓa su, shanu kuma ana harba musu ƙarfe a goshi kafin a yanka, wata tana da sauran rai, wata babu. Mai yankan ma ba lallai ya kasance ma'abocin Littafi ba. Wasu suna kafa hujja da hadisin A'isha a Bukhari, inda aka ce wa Annabi (SAW) ana kawo mana nama ba mu sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, ya ce ku ambata ku ci. Wannan hadisi a kan Musulmi ne sababbin shiga addini waɗanda yanka suke yi, shakkar a kan bisimilla ce kawai. Taka shakkar a kan yankan ne kansa. Don haka kada ka ci nama sai otal ɗin ya tabbatar maka na halal ne, ko yankan Yahudawa ne, wanda da wuƙa suke yin sa a maƙogwaro. Ka tuna da romo, domin miyar da ba ka ga tsoka a ciki ba tana iya zama da ruwan ƙashi aka haɗa ta.

Abin da ya rage maka yana da yawa: kifi da sauran dabbobin ruwa, waɗanda Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, sai ƙwai, madara, burodi, ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ka ce a gasa maka kifi da man shanu da lemon tsami, ba tare da miyarsu ba. Da safe ka ce a soya maka ƙwai a kasko mai tsabta, don kada a haɗa shi da inda aka soya alade. Faranti da kofi da aka wanke ba su da matsala, kamar yadda hadisin Abu Sa'alaba Al-Khushani ya nuna a kan kwanukan ma'abota Littafi.

Na lura abin da ke jefa mutanenmu cikin haram a irin waɗannan wurare kunya ce. Mutum ya ga fitilu da darduma da ma'aikaci sanye da baƙar kwat, sai ya ji nauyin tambaya kada a ce baƙauye ne. Alhali babu inda tambaya ta fi sauƙi kamar nan. Kullum suna karɓar baƙin da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko alkama, kuma kuku ya san duk abin da ya zuba a tukunya. Ka rubuta musu tun kafin ka tashi: ba ka cin alade, ba ka cin abin da aka dafa da giya, kana son naman halal in akwai.

Akwai mas'alar da ba ka tambaya ba, wadda ta keɓanci tsofaffin otal-otal: kayan azurfa. Huzaifa bin Yaman yana Mada'in ya nemi ruwa, aka kawo masa a kofin azurfa, ya yi jifa da shi, ya ce Annabi (SAW) ya hana mu sha da ci a kwanukan zinare da azurfa. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito, kuma hanin ya haɗa maza da mata. Sai dai mafi yawan cokula da butocin shayi na otal ba azurfa zalla ba ne, wani ƙarfe ne aka yi wa shafen azurfa da lantarki, fasahar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Irinsu sukan ɗauki tambarin EPNS, azurfa ta gaske kuma takan ɗauki lamba 925. A kan mai shafe malamai sun saɓa: Hanbaliyya sun hana, Shafi'iyya da Hanafiyya sun halatta idan shafen siriri ne da ba za a iya tatso komai daga gare shi ba, a Malikiyya akwai zance biyu, wanda aka rinjayar shi ne halacci. Da wannan nake ba ka fatawa. In ka ga 925, ka nemi a canza maka.

Saura liyafa. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Lafazin ya ambaci tebur, don haka cin abinci a zauren da wasu ke sha a nasu teburin bai kai wannan hani ba, ko da yake cin abinci a ɗakinku ya fi muku nutsuwa. Teburin liyafar taro kuwa ya shiga hadisin kai tsaye. Ka nemi masu shirya taron su zaunar da kai tare da waɗanda ba sa sha, da wuya a rasa su a babban taro. In bai yiwu ba, ka halarci jawabai da gaisawa, ka ba da uzuri kafin a zauna cin abinci. Wasu malaman zamani sun yi sassauci ga wanda rashin zamansa zai jawo masa cutarwa ta haƙiƙa, kamar rasa aiki. Jin nauyin abokan aiki bai kai wannan matsayi ba. Wanda ya shiga wannan larura ya zauna gwargwadonta yana ƙin abin a zuciyarsa, kada ya miƙa wa kowa kwalba, kada ya biya wa kowa kuɗinta, domin la'anar da ta zo a hadisi ta haɗa da mai ɗaukarta da mai shayar da ita.

Ka kuma lura cewa ƙarin kwana biyun zai canza sallarka. A mazhabar Malik da ta Shafi'i, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ban da ranar shiga da ta fita, ya daina kasaru. Da kwana uku kawai za ka yi, kasaru za ka riƙa yi. Da ka ƙudurta kwana biyar, ku cika sallarku tun daga ranar da kuka sauka. Hanafiyya sun kai iyakar kwana 15. Idan akwai mutum-mutumi ko hoton mai rai a bangon da ke alƙiblarku, ku rufe shi da mayafi ko ku matsa gefe kafin ku tayar.

Allah ne Mafi sani.