Kwashe yashin nan tukuna

Na ga saƙonka tun jiya da la'asar. Ban amsa ba sai yau, domin tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki. Ka ce: "Baba, an ba ni aikin akwatin kifin Malawi a wani gida a Rumde Ajiya. Na riga na zuba yashi, zan jera duwatsu a kai. Da me zan manne su? Kuma bangon baya, in liƙa hoto ko in yi na siminti irin wanda na gani a bidiyo?"

Shekara uku kana riƙe mini gilashi a shago, amma ka rubuto mini wai ka riga ka zuba yashi. Kwashe shi. Ɗauki kwano ka mayar da shi bokiti har sai ka ga gilashin ƙasa fes, sannan ka dawo ka ci gaba da karatu.

Kifin nan da kake shirin sakawa dangin karfasa ne, irin wadda ake kawowa daga Lagdo ana soyawa a bakin gada. Ka taɓa tsayawa bakin ruwa ka ga ramukan da namijin karfasa yake haƙawa a ƙasa, zagaye kamar faranti? To, 'yan'uwanta na tafkin Malawi sun fi ta ɓarna. Su ake kira mbuna, wato kifin dutse a yaren mutanen bakin tafkin. Cikin duwatsu suke rayuwa, gansakukar jikin dutse suke kankara su ci. Namiji zai zaɓi gindin dutse ɗaya, ya cika baki da yashi, ya je gefe ya tofar, ya dawo, haka zai wuni. Cikin kwana kaɗan ya rarake ƙarƙashin duk abin da ka ɗora a kan yashi. Manne ba ya hana wannan. In ka manne duwatsu biyar wuri guda a kan yashi, to duwatsu biyar za su faɗi lokaci guda.

Ka san jan dutsen nan da muke tokare ƙofar shago da shi, wanda kake zama a kai kana danna waya? Ban taɓa gaya maka inda ya fito ba.

Wani mai otal ne a nan Garwa ya aiko a kira ni, lokacin yana gab da buɗewa. Yana son akwati a wurin karɓar baƙi, wanda duk mai shigowa zai tsaya ya kalla. Na auna wuri na ce santimita 150 tsawo, 50 faɗi, 60 tsayi. Lita 450 ke nan, kuma kowace lita kilo guda ce, tun ba a sa dutse ko ɗaya ba. Na ce gilashi mai kaurin milimita 12, ya ce ba komai, in yi abin da ya dace, shi dai yana son abin da babu irinsa a gari. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce sauran ranar da na gama. Na yarda, don mutum ne da muke sahu ɗaya a masallacin Juma'a, ban nemi takarda ba.

Duwatsun da kaina na je na tsinto a wajen Figil, sawu biyu, ina ɗiga musu ruwan kal ɗaya bayan ɗaya a cikin rana. Kifi kuwa daga Duwala aka sako mini, 24, cikin ledoji masu iska. Suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, na je na tarye su da asuba. Daga can zuwa nan sama da kilomita 270 ne, kuma kular da suke ciki a kan cinyata ta zo, ban yarda an ɗora ta saman mota ba. Duk inda aka tsaya sai in buɗe in leƙa. Ko ɗaya bai mutu ba. Ka tambayi duk mai wannan sana'a daga nan har Marwa ko ya taɓa kawo 24 ya iso da 24 a watan Maris.

Na shirya akwatin kwana huɗu. Da na gama, mai otal ya tara abokansa suna ta ɗaukar hoto, ya dafa kafaɗata ya ce in dawo bayan biki in karɓi cikon kuɗina. Na dawo bayan biki, aka ce ya yi tafiya. Na sake dawowa, aka ce yana barci.

Mako na uku, ina fitowa daga sallar asuba aka kira ni wai in zo yanzu-yanzu. Na tarar da ruwa har bakin titi. Gilashin gaba ya tsage tun daga ƙasa ya yi sama a karkace, wani yanki ya fice gaba ɗaya. Kifaye a warwatse ƙarƙashin kujeru, sun bushe, tururuwa ta fara hawa. Na ɗauki wata mace mai ruwan ɗorawa, na ga maƙogwaronta a kumbure. Na buɗe bakin da farce, sai ga ƙwai a ciki. Ka san su a baki suke goyo, kusan mako uku uwar ba ta cin komai. Wato sun saki jiki har sun fara haihuwa, ruwan da na haɗa ya karɓe su. Na tsaya riƙe da ita na kasa magana.

Sai na duba cikin akwatin. Ginina yana nan daram, ko dutse ɗaya bai gusa ba. Amma ga wani jan dutse, ya kai kan rago girma, kwance jikin gilashin da ya fashe, ga rami a yashi inda ya tashi. Ni na san duwatsuna kamar yadda na san 'ya'yana. Wannan marmara ce, jan dutsen nan mai tsatsa, ban taɓa sa marmara a ruwan kifi ba. Maigadi ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa ɗan maigidan ne ya ce gaban akwatin ya yi fili da yawa, ya sa aka ɗauko dutsen daga gindin fulawa a tsakar gida, aka ɗora kan yashi, aka jingina shi da gilashi. Kwana tara kifi suna haƙa ƙarƙashinsa.

Da mai otal ya sauko na nuna masa. Ya dube ni a gaban ma'aikatansa ya ce gilashin banza na sayo masa na ci ragowar kuɗi, kuma in gode wa Allah bai ce in biya shi kafet ba. Na kai magana gaban mai unguwa. Aka kira maigadi, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ga komai ba. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Cikon kuɗina bai fito ba har yau, kuɗin kifi kuma bashi na ci, sai da na sayar da babur ɗina na biya. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne wata shida ana faɗa a gari wai akwatina yana fashewa. Mutum biyu suka janye aikin da suka ba ni. Har yanzu muna haɗuwa da shi ranar Juma'a, yana miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Dutsen kawai na ɗauko na fito da shi, shi ne wanda kake zama a kai.

Saboda haka ka saurara. Gilashin ƙasa yana ɗaukar nauyi in an baje masa shi, abin da ba ya ɗauka shi ne tsini. Dutse mai kilo 15 da ya tsaya a kan ƙwayar tsakuwa ɗaya ya isa ya tsaga shi. Fara shimfiɗa ragar roba mai kauri, ko siririn falle na farin abin nan mara nauyi da ake naɗo firji a ciki, a duk inda dutse zai zauna. Sannan manyan duwatsu masu faɗin gindi, kai tsaye a kan shimfiɗar. Su ne tushe. Na sama kuma kowanne ya zauna a wuri uku, kamar tukunya kan murhu. Wanda ya zauna a wuri biyu zai yi rawa, kuma duk wanda ka danna da babban yatsa ya motsa, sauke shi ka sake. Kada ko ɗaya ya jingina da gilashi, gaba ko baya ko gefe. Bar wurin da hannunka zai shiga da soso. Sai ka gama duk wannan sannan yashi ya shigo, ya zagaye gindin duwatsun, kaurin yatsa biyu ya isa. Su haƙa har su gaji, ba abin da zai faɗi.

Ban ce kada ka manne ba. Na can sama, ƙanana, ana iya ɗiga musu mannen silikon a busasshe a bar shi kwana biyu. Amma ka karanta jikin kwalin. Wanda aka yi don banɗaki da kicin yana da maganin hana fumfuna, wannan maganin kuwa yana kashe kifi. Nemi na akwatin kifi, mai warin ruwan kal. Kuma kada ka manne gini duka ya zama dunƙule ɗaya, don ranar da za ka kama kifi mara lafiya sai ka ɗaga duwatsu, in ba haka ba ka wuni da koma a hannu.

Wankin dutse ba sai na koya maka ba. Abu biyu kawai: ban da sabulu, kuma kada ka dafa dutse a wuta kamar yadda wasu suke yi, yana iya fashewa a fuskarka. Buroshi da ruwan zafi. Maganar na'urar tace ruwa da barin ruwa ya nuna kafin kifi ya shiga, in ba ka san ta ba bayan shekara uku, to ba a saƙo zan koya maka ba.

Zaɓen dutse shi ne inda samarin yanzu suke ba ni haushi. Ku abin da ya yi kyau a hoto kuke nema. Ruwan tafkin Malawi mai kanwa-kanwa ne, awonsa na pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, yana wajen 8. Dutsen farar ƙasa, irin na Figil da ake yin siminti da shi, yana narkewa a hankali yana riƙe ruwa a wannan awon. Ɗiga masa ruwan kal, in ya yi kumfa shi ne. Ga kifin Malawi da na tafkin Tanganyika alheri ne, ga kifin da yake son ruwa mai laushi kuwa cuta ne, don haka kada gobe ka ɗauki wannan magana ka kai ta wani akwati. Baƙin dutse na tsauni ba ya ƙara komai ba ya rage komai, shi ma yana yi. Wanda ke da tsatsa, ko ɗigon ƙarfe mai ƙyalli, ko mai marmashewa a hannu, bar shi inda ka gan shi. Kuma launi ɗaya za ka tsinto. Fari da ja da baƙi wuri guda sai ka ce juji.

Kada ka yi katanga ɗaya doguwa daga wannan gefe zuwa wancan. Yi tsibi biyu ko uku, wani ya fi wani tsayi, da filin yashi a tsakani. Namijin mbuna duk abin da idonsa ya kai nasa ne. In yana hango akwatin duka daga bakin kogonsa, zai kori kowa har ya kashe. In dutse ya tare masa gani, sai ya tsaya a unguwarsa. Koguna su fi kifin yawa, kuma mafi yawansu su zama masu ƙofa biyu, don wanda aka biyo ya samu ta ficewa. Macen da take goyo tana bukatar ɗan lungun da babban namiji ba zai iya shiga ba.

Bangon baya kuwa, hoton nan na ciyayi kore shar da ake sayarwa a naɗe kada in gan shi. Inda mbuna suke dutse ne da ruwa, kuma kafin hunturu ɗaya ya wuce ƙura da ɗigon ruwa sun shiga tsakaninsa da gilashi ya yi tabo. Baƙin fenti, ta waje, shafi biyu. Launin kifin zai fito, wayoyi da tiyo su ɓace. Abin da nake yi ke nan tun kafin a haife ka.

Na siminti da ka gani a bidiyo, wanda ya ɗauka bai nuna maka watan da ya biyo baya ba. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa mai ƙarfi, awon ruwa ya haura 10, kifi ya ƙone. Sai an jiƙa shi mako uku ko huɗu ana zubar da ruwa ana sakewa ana aunawa. A zafin Garwa in ba ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ba ma tsagewa zai yi tun kafin ya kama. Farin abin nan na naɗo firji da ake sassaƙawa a ƙarƙashin simintin kuma yana son tasowa sama da ƙarfi, in mannen ya saki zai daki sandar gilashin sama. Ga shi yana cinye wajen santimita 10 na faɗin akwati, ga ƙananan kifi suna shigewa bayansa su mutu inda hannu ba ya kai. Ana yi, na yi sau da dama kuma ya yi kyau, amma ba a aikinka na farko ba, ba kuma a gidan mutumin da yake son ganin kifi mako mai zuwa ba.

Kuɗin gilashi da na kifi ka karɓe su duka kafin ka yanka komai. Ranar da ka gama, wayar nan da ba ta barin hannunka ta yi amfani: ɗauki hoton akwatin ta gaba da ta gefe, maigidan yana tsaye a wurin, ka tura masa a gabansa. Ka gaya masa da bakinka, yaran gida suna ji, cewa ko tsakuwa ɗaya aka ƙara babu ruwanka.

Kada ka zuba ruwa. Ranar Asabar bayan azahar zan zo in danna kowane dutse da yatsana. Ka tanadi ma'aunin ruwa na magina, don ina son in ga teburin da ka ɗora akwatin a kai tukuna.