Filin Tambaya da Amsa: Ya zan ɓoye adireshin sabar FTP kada masu shiga shafina su gani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya zafi? Ni ɗalibi na nan Sakkwato, Mabera nike zaune, kuma ina ɗan taɓa haɗa shafukan intanet da PHP. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aikin shafin da iyaye za su riƙa shiga suna sauke sakamakon jarabawar ɗiyansu. Takardun duk PDF na, suna bisa wata sabar FTP ta daban wadda makarantar ta daɗe tana aje kayanta ciki, to abin da niy yi shi na, na sa maɓallin da in anka danna shi zai kai mutum kai tsaye ga sabar, sunan shiga da kalmar sirri duk suna cikin linkin. Sai wani abokina ya ɗora maus bisa maɓallin ya karanto min komi har kalmar sirrin. Na maida linkin Base64 na tura shi cikin JavaScript, wallahi ko minti biyu ba a yi ba ya sake hiddo shi yana ta dariya. Ga kuma wasu iyaye na ƙorahin ko sun danna ba ya buɗewa ga wayarsu. Don Allah mi za ni yi in ɓoye adireshin ga?

Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, zafi kam sai godiya, mu ma nan fanka iskar murhu take hurowa. Abokin nan naka ka saya masa lemo mai sanyi, don gara shi ya gani ya yi dariya da a ce wani ne can ya gani ya yi shiru.

Kafin komai, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka canza kalmar sirrin sabar. Ba abokinka kaɗai ya gan ta ba, ta riga ta sauka cikin wayar duk uban da ya taɓa buɗe shafin, da kwamfutocin kafe inda wasu ke zuwa a buga musu sakamakon a takarda, ka ɗauka kawai an riga an yi shelarta a kasuwa.

To yanzu maganar ɓoyewa. Duk abin da ya isa burauzar mutum ya zama nasa, ba ka da sauran iko da shi. Burauza ba za ta iya zuwa inda ba ta san adireshinsa ba, in kuwa ta sani to mai ita ma ya sani, F12 kawai zai danna a kwamfuta ya leƙa sashen da ke jera duk inda burauzar ta je da abin da ta karɓo. Base64 da ka yi ba kulle ba ne, sauya haruffa ne kawai kamar zaurancen da muke yi muna yara, kowa na iya warware shi. Haka in ka sa linkin cikin iframe, wato 'yar tagar da ke nuna wani shafi a cikin shafinka, ko ka gajarta shi da irin su Bitly, ko ka sa PHP ɗinka ya tura mutum can da umarnin Location, duk kanwar ja ce, a ƙarshe burauzar ce dai za ta je ƙofar sabar da ƙafarta.

Su kuma iyayen da ke cewa ba ya buɗewa ba laifin netwok ba ne wannan karon. Chrome ya daina buɗe linkin ftp tun fitowa ta 88 a farkon 2021, Firefox ma ya bi sahu a fitowa ta 90 cikin watan Yulin shekarar. Ba mamaki, FTP, wato tsarin aika fayiloli tsakanin kwamfutoci, tsoho ne tukuf, tun 1971 aka fara rubuta ƙa'idarsa, wadda ake bi yanzu ma ta 1985 ce, zamanin da ba a damu da ɓarayin intanet ba, shi ya sa yake aika suna da kalmar sirri tsirara ta ƙofa mai lamba 21, wato mashigar da sabar FTP ke karɓar haɗi, ba wani rufi. Wanda kuke kan wayfai ɗaya da shi in ya iya Wireshark, manhajar leƙen abin da ke wucewa a netwok, zai iya karanta su ɓaro-ɓaro.

Maganin yana nan cikin tsarin gidajenmu na gargajiya. Baƙo in ya zo zaure yake tsayawa ya yi sallama, ba ya kutsawa cikin gida ya ɗauko abin da ya zo nema, yaro ake aikawa ya shiga ya ɗauko ya miƙa masa, har ya tafi bai san ko daga wane ɗaki aka fito da shi ba. Shafinka shi ne zauren, sabar FTP ita ce cikin gida, yaron aiken kuma wani ɗan fayil ne da za ka rubuta, ka ce masa sauke.php misali. Maɓallin ya nuna sauke.php?id=105 kawai. In uba ya danna, sabarka ce za ta duba ko ya shiga da asusunsa, ta duba rumbun bayanai ta ga wane fayil ne lamba 105, ita da kanta ta haɗu da sabar FTP da ftp_connect da ftp_login, ta jawo fayil ɗin ta zuba wa burauza tare da Content-Type da Content-Disposition don ya sauka da suna mai kyau. Abin da uban zai gani adireshin shafinka ne kawai. Sunan sabar da kalmar sirri kuma su zauna cikin fayil ɗin saiti a wajen public_html, wato foldar da jama'a ke iya kaiwa ta burauza, kuma don Allah kada ka haɗa da shi in za ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu kod ke aje ayyukansu, yara da yawa nan suke faɗawa.

Amma a nan ne nake so ka buɗe kunne, don wannan yaron aiken in bai da wayo ya fi linkin farko haɗari. Ka ga 105 ɗin nan? Wani zai goge ya rubuta 106 ya ga me zai fito, ba sai ƙwararre ba, ɗan aji uku na sakandare mai son ganin makin abokin gasarsa ma zai yi. In kod ɗinka bai tambaya ba cewa shin wannan fayil na ɗan wannan mutumin ne, to ka ɓoye adireshi amma ka raba sakamakon makaranta gaba ɗaya ga duk mai iya ƙirga. Saboda haka kowace buƙata sai an gwada lambar fayil da asusun wanda ya shiga, ba sau ɗaya lokacin shiga ba, kowace buƙata. Na biyu, kada ka yarda sunan fayil ya fito daga hannun mai amfani, irin sauke.php?fayil=sakamako.pdf, domin akwai masu jera ../../ a wurin su yi ta hawa manyan folda har su kai inda ba ka taɓa nufi ba. Lamba daga gare shi, suna daga rumbunka. Ni kaina na taɓa yin wannan sakacin shekarun baya a wani aiki da na yi wa wani ofis, Allah ya rufa asiri wani abokin aiki ne ya fara lura, kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba.

Sai kuma saƙon kuskure. Ranar da sabar FTP ta faɗi, ko wuta ta ɗauke inda take, PHP na iya watso gargaɗi a fuskar shafi har da sunan sabar da hanyar foldarka. Ka kashe display_errors a shafin da jama'a ke shiga, kurakurai su tafi fayil ɗin log, uba kuma ya ga "a sake gwadawa an jima" kawai.

Akwai ɗan nauyi da tsarin ke jawowa, fayil zai yi tafiya biyu, daga FTP zuwa sabarka sannan zuwa waya. Ga takardar sakamako wannan ba komai ba ne. Amma in wata rana suka ce a sa bidiyon walimar yaye ɗalibai, to kada ka loda fayil ɗin duka cikin ƙwaƙwalwa, PHP yawanci megabait 128 aka yanka masa da daƙiƙa 30 na aiki, sai ka riƙa zubo shi kaɗan kaɗan, ftp_fget zuwa php://output na yin wannan. Ranar fitar sakamako kuma kowa lokaci ɗaya zai danno, sabobin FTP da yawa suna da iyakar haɗin da suke karɓa daga adireshi guda, ka tambayi mai kula da ita nawa ne tun kafin ranar.

Kada kuma ka ɗauka tunda adireshin ya ɓace daga shafi shikenan ba mai gano sabar. Akwai injuna irin su Shodan da aikinsu kenan dare da rana, bin adiresoshin intanet suna ƙwanƙwasa ƙofofi har da ta 21. In hostin ɗin, wato masaukin shafin, na cPanel ne ma sau da yawa akwai ftp. a gaban sunan shafin da aka ƙirƙira tun farko, kowa na iya cankarsa, kuma Cloudflare na kyauta, wanda ake sawa gaban shafi don ya ɓoye sabarsa, zirga-zirgar shafi yake karewa ba ta FTP ba. Don haka a sa katangar tsaro ta ƙi kowa sai adireshin IP na sabar shafinka da na ofishin makarantar in tsayayye ne, a buɗe wa shafin asusu nasa daban mai karatu kawai wanda ba ya iya gogewa ko ɗorawa, in kuma sabar na karɓar SFTP, wanda ke aika komai a kulle ta SSH a ƙofa ta 22, ku koma can. Ka gaya wa shugaban makarantar wannan ba ƙaƙale ba ne, sunaye da makin yara bayanan sirri ne, kuma Najeriya na da dokar kare bayanai tun watan Yunin 2023 da hukumar NDPC mai bibiyarta.

In da ni ne kai kuwa, gaskiya ba zan bar shafin ya dogara da waccan sabar ba sam. Zan sa cron, mai gudanar da aiki da kansa a lokacin da ka saita masa, ya riƙa kwaso sababbin PDF kowane dare, misali ƙarfe biyu, ya aje su a wata folda a wajen public_html, sauke.php ya riƙa ɗaukowa daga nan da readfile. In manhajar sabarka Nginx ce ka duba X-Accel-Redirect, in Apache ne akwai X-Sendfile amma sai an girka masa, PHP ya yi binciken izini kawai saba ta yi dakon. Ko sabar makarantar ta kwana a kashe iyaye za su samu sakamakonsu. In ka gama ka sake kiran abokin nan naka ka ba shi asusun gwaji guda biyu, ka ce ya yi ƙoƙarin buɗe fayil ɗin ɗaya da asusun ɗayan, sai ka rubuto mana abin da ya samu.