Iskar garinmu za ta iya ba mu wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ƙungiyar masu garka ne a wajen Jiratawa, kusa da Maradi. Kuɗin man injin ban ruwa ya ishe mu, muna so mu haɗa kuɗi mu sayi injin da ke samar da wuta da iska. Da hunturu iska har rufin kwano take ɗagawa a wurinmu. Ta yaya za mu tabbatar ta isa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na ji daɗi da kuka tambaya tun kuɗinku na hannunku. Shawarata ita ce kada ku sayi komai sai kun auna iskar wurin shekara guda cur.

Iskar da ta ɗaga kwano ita ake tunawa, ba mai tuna ranakun da ganyen bedi ko motsi bai yi ba. Shi kuwa inji da iskar kullum yake rayuwa. A ƙasarmu iska kashi biyu ce: ta hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, da ta damina mai zuwa daga kudu maso yamma. Ko a cikin hunturun, ku lura, da hantsi take ƙarfi, da dare kuma sai ta kwanta a kusa da ƙasa. Wanda ya auna a Janairu kaɗai ya yaudari kansa.

Ga inda lissafin yake da ban mamaki. Idan saurin iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Mu ɗauki inji mai fukafukai da faɗin zagayensu ya kai mita 3. A iska mai gudun mita 4 cikin daƙiƙa, abin da zai ba ku bai wuce wat 75 ba, wato ƴan ƙwayayen fitila da cajin waya. In ta kai mita 6, ya haura wat 250. A mita 8 sai ya kai wajen 600. Yawancin ƙananan injina ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai mita 3, kuma lambar da aka rubuta a jikin kwali, misali kilowat 1, ta iskar mita 11 ko 12 ce, wadda ba kullum ake ganinta ba. Zafi ma yana rage ƙarfin: da tsakar ranar bazara iskar Maradi ta fi ta ƙasashen sanyi rashin nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Don haka kuskuren mita ɗaya a awo na iya cinye rabin abin da kuke sa rai.

Ma'aunin kansa ba wani abu ne mai wuya ba. Ƴan kofuna uku ne a kan sanda suna juyawa, da wata wutsiya mai nuna inda iska ta fito, sai ƙaramin akwati mai ajiye matsakaicin gudun iskar kowane minti 10. Wannan akwatin shi ne zuciyar aikin. A ce yaro ya riƙa leƙawa safe da yamma yana rubutawa a littafi, ba zai wadatar ba, domin wurin da iska ke yin rabin yini a mita 2, rabi a mita 6, ya fi wurin da take tsaye a mita 4 ba da wuta nesa ba kusa ba, alhali matsakaicinsu ɗaya ne.

Wurin kafawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Tashoshin hasashen yanayi a tsawon mita 10 suke awo, amma ku a tsawon da injin zai zauna za ku auna. Ƙa'idar da ake bi ita ce injin ya ɗara duk wata bishiya ko gini da ke cikin mita 150 da kamar mita 9. Ku dubi mangwaro da gawo da ke cikin kwarin gulbi, za ku gane cewa tsakiyar garka ba wurinsa ba ne. Ku nemi tudu a fili, ko da za a ja waya. Ku ɗaure sandar da igiyoyin ƙarfe ta kusurwa huɗu, ku sa mata maganin tsawa, ku kewaye gindin saboda dabbobi. Duk wata a duba kofunan: ƙurar hunturu kan shiga inda suke juyawa, su yi nauyi, su riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Guguwar da ke gaban hadari ma a rubuta ƙarfinta, don ita ce ke karya fukafukai.

Kafin ku kashe ko dala, akwai taswirar Global Wind Atlas kyauta a intanet, aikin Bankin Duniya da wata jami'ar fasaha ta Danmak. Ku kuma nemi bayanan tashar yanayi ta filin jirgin Maradi, ku tuntuɓi malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Taswira dai hasashe ce, ba ta san bishiyar da ke bayan gonarku ba.

Zan faɗa muku gaskiya, iskar ƙasarmu ta fi ƙarfi can arewa. Shi ya sa babban aikin samar da wuta da iska na Tarka mai megawat 250, wanda gwamnati ta sa hannu a kansa da kamfanin Savannah Energy a 2022, aka tsara shi a jihar Tahoua. Idan awonku ya nuna matsakaicin shekara bai kai mita 5 ba, ku sa kuɗin a famfon hasken rana, don rana ba ta yi mana rowa ba, kuma ta fi ƙarfi lokacin da shuka ta fi jin ƙishi. In ya kai 5 ko ya wuce, ku aiko mini da lambobin wata-wata da zurfin rijiyarku, mu lissafa girman injin tare.