Tsuntsun great auk: ƙarewa ya yi ko ƙaura?

Tambaya: Malam, na karanta cewa tsuntsun tekun nan da ake kira great auk ya ƙare a duniya, amma wani ya ce min ƙaura kawai ya yi zuwa kudu, shi ne fengwin na yau. Abin ya dame ni, domin haka ake ce min game da ungulayen da suka ɓace daga mayankar garinmu.

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya. Great auk ya ƙare. Shi aka fara kira fengwin, sai matuƙan jiragen ruwa suka ga masu kama da shi a kudu suka laƙaba musu sunan, alhali ba dangi ba ne.

Wannan magana ta "ƙaura suka yi" ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta. Tsuntsun da ba ya tashi, mai nauyin kilo 5, wanda ƙwai ɗaya tak yake sakawa a shekara a kan tsiran dutse, ina zai gudu? A tsibirin Funk da ke gaɓar Kanada kora su ake yi kamar tumaki, a jefa a tafasasshen ruwa don fige gashinsu a yi matashin kai, a kuma hura wutar da gawar 'yan'uwansu saboda yawan kitsensu. Tun 1785 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, George Cartwright, ya yi gargaɗin za a ƙarar da su. Ba a ji ba. Duk wanda ya je tsibiri ya tarar babu kowa yana iya kwantar da ransa da cewa suna can wani tsibirin, kuma ba wanda zai ƙaryata shi, tunda ba mai ƙirgawa. Da suka yi ƙaranci sai farashinsu ya tashi, gidajen tarihi da masu tara abubuwan da ba a cika samu ba suka shiga rububi. A watan Yunin 1844, a tsibirin Eldey na Aislan, aka shaƙe biyun ƙarshe da aka sani suna kwanci, aka take ƙwansu da takalmi. Kafin nan, wajen 1840, mutanen St Kilda a Sukotlan sun kama ɗaya, hadari ya taso, suka ce maye ne da ya jawo hadarin, suka kashe shi da sanda.

Ka duba ungulu. Ita ma ƙwai ɗaya take sakawa, ita ma camfi ke bin ta, bokaye na sayen kanta da ƙwanta, ƙaranci na ƙara mata tsada. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Don Allah idan an sake ce maka ƙaura ta yi, ka tambayi mai maganar wane gari ta koma, kuma wa ya gan ta a can.